Gwiwar hannun Joshua za ta warke, haɓar fa?

Daren Alhamis, bayan sallar isha'i, muna zaune wurin wani mai tsire a nan Jidda, sai ɗan 'yar'uwata ya miƙo mini waya. Bidiyon Anthony Joshua ne, tsohon zakaran damben boksin na duniya, yana atisaye, zufa na tsiyaya, yana ta jibgar buhu. Yaron ya ce, "Kawu, ka gani ko? An gyara hannun. Wallahi sai ya karɓo kambunsa a Riyad." Na gefensa ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Kowa ya gyaɗa kai, aka ci gaba da cin nama.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ni ma ina son Joshua. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda hirar duk ta tattara a kan gwiwar hannu, sai ka ce ciwon hannu ne ya kwantar da shi a Landan. Ba wanda ya ambaci haɓa, ba wanda ya ambaci shekaru.

Ga inda na tsaya tun da wuri. Joshua zai iya dawowa ya yi dambe, ya cika fili, ya kwashi kuɗi. Amma kambun duniya na ajin masu nauyi ya wuce shi, kuma idan ya taso daga jinya ya faɗa kai tsaye cikin irin manyan damben da ake haɗawa a Riyad, ganganci ya yi da lafiyarsa. Abin da ya rage masa dambe biyu ne: ɗaya na gwaji da wanda ya iya rama duka, in ya tsallake sai Tyson Fury. Daga nan ya tuɓe safar hannu.

A sake kallon daren Wembley

Ranar 21 ga Satumban 2024, gaban mutum dubu 96, Daniel Dubois ya kai shi ƙasa sau huɗu cikin turmi biyar. Daga ranar sai da ya yi sama da shekara bai sake shiga fage ba. A 2025 aka yi masa tiyata a gwiwar hannu, a watan Oktoba kuma ya cika shekara 36. Zuwa daren na Wembley, dambe 32 ya yi tun da ya zama ƙwararre, ya ci 28, an cinye shi sau 4.

Wanda bai ga damben ba ya nemo ya kalla, amma ya maimaita turmin farko. Saura daƙiƙoƙi a kaɗa ƙararrawa, Joshua na ja da baya, hannuwa a ƙasa, haɓa a sama, sai Dubois ya lafto masa dama ta saman kafaɗa. Naushi ne da ake hangowa tun daga nesa. Bai kauce ba, bai tare ba. Ya dai tashi, amma ƙafafun ba su sake zama nasa ba har aka gama. A turmi na biyar ya samu Dubois da dama mai kyau, fili ya ɗauki ihu, ya bi shi da hanzari zai ƙarasa, ya buɗe jiki zai ɗago masa haɓa daga ƙasa, sai Dubois ya riga shi da wata gajeriyar dama. Shi ke nan, alƙali ya ƙirga.

To a nuna mini inda gwiwar hannu ta shigo cikin wannan labari. Ko da a ce tana yi masa ciwo a daren, ciwon hannu ba ya sa mutum ya ja da baya da haɓa a sama.

Abin da likita ke gyarawa da wanda ba ya gyarawa

Ban raina tiyatar ba. Mutum mai tsawon santimita 198 irin Joshua, abincinsa na cikin miƙe hannu: ya riƙe abokin karawa a nesa da hagu, ya aika dama a miƙe. Duk naushin da ya kuskure, gwiwar hannu ce ke biya, domin ita ke tsayar da hannun da aka harba da ƙarfi bai samu abin daka ba. Shekara da shekaru ana haka, dole ta gaji. Amma wannan ciwo ne da likita ke gani a hoto, ya buɗe, ya gyara, ya tura ka gashin ƙashi na 'yan watanni.

Abu biyu ne ba a ɗinkewa a asibiti. Na farko juriyar duka. Masu horar da 'yan dambe sun daɗe da lura cewa wanda aka taɓa sumarwa ya fi saurin sake suma, likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna gargaɗin cewa girgizar da kai ke sha taruwa take yi, ba gogewa take ba. Na biyu shi ne ɗan tsakanin nan da ke akwai daga lokacin da ido ya ga naushi zuwa lokacin da wuya ya kauce. Shekaru na tsawaita shi, zaman gida kuma na ƙara masa. Buhu ba ya ramawa, kocin da ke riƙe maka kushin hannu kuma ba ya nufin kashe ka, don haka duk bidiyon atisayen duniya ba zai nuna maka wannan ba.

Masu tura keken alhazai a Harami sun san abin da nake faɗa. Mutum ya yi watanni bai tura ba, azumi ya kama, ya dawo bakin aiki. Ƙarfin na nan, wataƙila ma ya ƙara jiki. Amma daren farko tsakanin Safa da Marwa sai ka ga yana taka dugadugan mutane da ƙafar keke, ya kasa gane inda cunkoso zai buɗe, kafin kai-komo na bakwai numfashi ya ƙare. Bayan sati sai ya warware. To shi mai keke in ya yi kuskure haƙuri zai bayar ya wuce. Ɗan damben da ya makara da ƙiftawar ido gaban ƙato mai kilo 110, a ƙasa zai farka.

Sannan jikin da ya fara neman gyara ba kasafai yake tsayawa wuri ɗaya ba. David Haye, tsohon zakaran duniya ɗan Ingila, an yi masa babbar tiyata a kafaɗa a 2013, ya yi sama da shekara uku bai yi dambe ba. Ya dawo a 2016 ya buge mutum biyu da ba su kai ba, aka ce ai ya dawo da ƙarfinsa. A watan Maris na 2017 ya haɗu da Tony Bellew, wanda daga ajin ƙasa ya hauro. A turmi na shida agarar Haye ta tsinke, ya ci gaba yana jan ƙafa har aka jefa masa tawul a na 11. Kafaɗa aka gyara, ƙafa ta ci amanarsa. Shekararsa 36 a lokacin, daidai da Joshua a ƙarshen 2025. Da suka sake a 2018, turmi biyar bai cika ba.

"Ai Foreman ya yi"

Da an yi maganar tsufa sai wani ya jawo George Foreman. Gaskiya ne, ya bar dambe a 1977, ya dawo a 1987 yana da shekara 38, ya buge Michael Moorer a Nuwamban 1994 ya zama zakaran duniya yana da 45.

Sai dai masu ba da labarin suna tsallake shekara bakwai ɗin tsakiya. Dambe 24 Foreman ya yi a jere, akasarinsu da mutanen da ba wanda ya san sunansu, kafin ya nemi kambu a hannun Evander Holyfield a 1991, kuma aka cinye shi da maki. A 1993 Tommy Morrison ma ya cinye shi. Daren Moorer kansa ana gabansa da maki har turmi na goma, dama ɗaya ta cece shi. Ga kuma babban bambancin: a duk rayuwar Foreman sau ɗaya aka taɓa buge shi kafin lokaci, Muhammad Ali a Kinshasa a 1974. Daga 1977 kuma kansa ya samu hutun shekara goma ba wanda ya taɓa shi.

Joshua zai yarda ya yi dambe ashirin a ƙananan ɗakuna? Ko ya yarda, shekarun ba za su jira shi ba.

Fury ma ana kawo shi, tunda ya ɓace daga Nuwamban 2015 zuwa Yunin 2018 kuma ya dawo ya yi sarauta. Amma yana da shekara 29 ya dawo, ba a taɓa cinye shi ba a lokacin, kuma matsalarsa ƙiba ce da shaye-shaye da ciwon damuwa, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa. Duk da haka sai da ya ɗumama jiki da mutum biyu masu sauƙi kafin ya tunkari Deontay Wilder a Disamban 2018.

Hujjar da ta fi ba ni wahala

Akwai misali ɗaya da ya fi waɗannan ƙarfi, kuma mu 'yan Najeriya ba ma son tuna shi. Vitali Klitschko ya yi dambe a Disamban 2004, ciwon gwiwa ya sa ya ajiye a 2005. Kusan shekara huɗu yana zaune. A Oktoban 2008, yana da shekara 37, ba tare da damben gwaji ko ɗaya ba, ya shiga fage a Berlin da Samuel Peter, ɗan Akwa Ibom, wanda ke riƙe da kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a lokacin. Turmi takwas yana wasa da shi, har Peter ya ƙi tashi daga kujera. Ga ciwo, ga dogon zama, ga shekaru, ga shi ya dawo kai tsaye ya ɗauki kambu. Duk abin da na ce ba zai yiwu ba, Vitali ya yi.

Na yarda. Amma a duba wane ne Vitali. Mutumin da a duk damben da ya yi na ƙwararru ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Sau biyu kacal aka cinye shi, ɗaya kafaɗa ce ta yage a gaban Chris Byrd a 2000, ɗaya kuma fatar ido ce ta tsage a gaban Lennox Lewis a 2003, kuma duka biyun yana gaba da maki aka tsayar. Wato gaɓoɓinsa ne ke ba shi matsala, kansa garau yake. Wanda haka ne halinsa, hutu magani ne gare shi. Joshua kuwa Wladimir Klitschko, ƙanen Vitali, ya kai shi ƙasa, Andy Ruiz ya kai shi sau huɗu a dare ɗaya, Dubois ma sau huɗu. Hutu zai huce masa gwiwar hannu, amma ba zai mayar masa da abin da waɗannan darare suka ɗauka ba.

Lennox Lewis ma ana iya kawo shi, tunda Hasim Rahman ya sumar da shi a Afirka ta Kudu a Afrilun 2001, ya dawo a Nuwamba yana da shekara 36 ya rama cikin turmi huɗu. Sai dai naushi ɗaya ne ya samu Lewis a daren da ya yi sakaci, kuma wata bakwai kawai ya yi ya koma. Joshua tun daga turmin farko har na biyar ake dukansa, kuma ya yi sama da shekara a zaune.

In ana neman wanda ya fi kama da Joshua na yau, ba sai an je nesa ba, a cikin tarihinsa yake. Ranar 29 ga Afrilun 2017, a wannan fili na Wembley, Wladimir Klitschko ya dawo bayan wata 17 bai yi dambe ba, yana da shekara 41. Jikinsa kamar an sassaƙa, ya shirya iya shiri, kuma ya yi damben da ya fi wanda ya yi shekaru bai yi ba. A turmi na shida ya kai Joshua ƙasa. A ce shekara biyar baya ne, da a nan zai ƙarasa shi. Sai ya tsaya lissafi, ya bar yaro ɗan shekara 27 ya huta ya dawo hayyacinsa, a turmi na 11 yaron ya tashi kansa. Wladimir bai sake shiga fage ba. Ranar mun yi murna har muryarmu ta dishe. Yau kujerar da Wladimir ya zauna a kanta ce aka turo wa Joshua, yaran kuma suna layi.

Kuɗin Riyad

Mu da ke zaune a ƙasar nan, a ƙofar gidanmu aka yi rabin tarihin mutumin nan. A Diriyya ya ƙwato kambunansa daga hannun Ruiz ranar 7 ga Disamban 2019, cikin ruwan sama. A nan Jidda Oleksandr Usyk ya sake cinye shi ranar 20 ga Agustan 2022, daren da ya jefar da kambuna biyu waje ya karɓi makirufo ya yi ta magana ba kan gado. A Riyad ya buge Otto Wallin da Francis Ngannou. Ko damben Dubois da aka yi a Landan, da sunan Riyadh Season, bikin nishaɗin Saudiyya, aka yi shi.

Ba zan yi butulci ba. Kafin Turki Alalshikh, jami'in Saudiyya mai haɗa waɗannan manyan dambe, ya shigo harkar, manyan 'yan dambe shekaru suke yi suna zagin juna a intanet ba su haɗu ba, kowa na tsoron ɓata tarihinsa, dillalai na ta ja-in-ja a kan kaso. Kuɗin ƙasar nan ne ya haɗa Fury da Usyk a Mayun 2024, aka samu zakara guda da ya haɗe kambunan ajin masu nauyi, abin da rabon a gani tun zamanin Lewis a 1999. Mai kallo ya ci riba.

Amma tsarin da ke yi wa mai kallo daɗi shi ne ke da haɗari ga wanda ya taso daga jinya. Wanda ya zuba irin wannan dukiya, babban suna yake so ya kara da babban suna. Ba zai biya don ya ga Joshua na ɗumama jiki ba. Shi kuma Joshua, in aka ajiye masa takarda biyu, ɗaya ta ƙaramin dambe ɗaya ta babba, kuɗin da ke tsakaninsu ya isa ya sa mai hankali ya manta da shawarar likita.

Mun ga yadda ta kasance da Wilder. Ranar 23 ga Disamban 2023, a Riyad, aka sa shi da Joshua a dare ɗaya, kowa da abokin karawarsa, da niyyar in sun ci a haɗa su. Wilder na da shekara 38, kuma a cikin sama da shekara biyu turmi ɗaya tak ya yi a fage, wanda ya buge Robert Helenius a ciki. Aka haɗa shi da Joseph Parker, wanda a shekarar kaɗai ya riga ya yi dambe uku. Turmi 12 Wilder na zagaye fili da damarsa a ɗane, yana jiran lokacin sakinta, lokacin bai zo ba. Hannun na nan, idon ne ya makara. Maimakon ya koma ƙasa ya sake hawa, bayan wata biyar sai ga shi a Riyad gaban Zhang Zhilei, aka sumar da shi a turmi na biyar.

Dattawanmu kuma ba su manta da 1980 ba, lokacin da Ali ya dawo bayan shekara biyu a zaune, yana da 38, ya tsaya gaban Larry Holmes, wanda a da yaron atisayensa ne. Turmi goma yana shan duka bai iya ramawa ba, sai da kocinsa ya hana shi tashi. Kafin damben ya rage ƙiba, ya yi kyau a hoto, mutane suka ce Ali ya dawo.

"Ai ya taɓa faɗuwa ya tashi"

Wannan ma gaskiya ne, kuma daren Diriyya abin a yaba ne. Wata shida bayan Ruiz ya wulaƙanta shi a New York, ya rage nauyi, ya canza salo, ya yi turmi 12 yana zungura yana kaucewa bai tsaya musayar duka ba. Ya nuna yana da ƙwaƙwalwa. Amma shekararsa 30 a lokacin, Ruiz kuma ya zo da tumbi, sama da kilo 128, shi da kansa ya amsa cewa shagali ya yi maimakon atisaye. Salon nan na zagaye fili ƙafa yake ci, ƙafa kuma ita ke fara tsufa.

Wani zai ce, to kai da ke kiran a yi damben gwaji, ai ya yi guda huɗu bayan Usyk, duk ya ci, kuma ba su hana Dubois kwantar da shi ba. Wannan magana ta kama ni, amma a duba su waye huɗun. Jermaine Franklin ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Helenius cike gurbi ya yi cikin 'yan kwanaki bayan an cire Dillian Whyte. Wallin ba mai nauyin hannu ba ne. Ngannou, duk da ya kai Fury ƙasa a 2023, damben boksin na biyu ke nan a rayuwarsa, daga kokawar keji ya zo. A cikinsu ba wanda ya ajiye wa Joshua naushi mai nauyi a haɓa. Su huɗun sun gyara masa suna, sun sa mu da shi duka muka ɗauka ya warke, amma tambayar da ke kansa tun daren Ruiz ba wanda ya yi masa ita sai Dubois.

Don haka gwajin da nake nufi ba irin wannan ba ne. A samo wanda ke cikin jerin 'yan goma sha, mai hannu, wanda zai iya taɓa shi amma ba zai iya yi masa ruwan duka turmi bayan turmi ba. In akwai abin da ya lalace, gara a gano shi a nan.

Akwai kuma batun masu horarwa, wanda ba a cika kula da shi ba. Daga 2021 zuwa 2024 ya bi ta hannun mutum huɗu: Rob McCracken, Robert Garcia, Derrick James, Ben Davison. Kowa da karatunsa. Shi ya sa wani lokaci in ka kalle shi a fage sai ka ga mutum mai shawara biyu, bai gama yanke cewa zai afka ba, bai gama yanke cewa zai ja ba. A tsakiyar wannan shawara Dubois ya same shi.

"Namu ne"

Wannan ba hujja ba ce, amma ita ce ta fi kowace aiki a zuciya, kuma na san daga inda ta fito. Wanda ke zaman baƙunci ya san daɗin ranar da sunan ƙasarsa ya fito a labarai ba don abin kunya ba. Washegarin daren Diriyya, mai kantin unguwarmu, Bayamane, tun daga nesa ya ɗaga mini dunƙulallen hannu yana kiran Najeriya. A Watford aka haifi Joshua, Birtaniya ya ciyo wa zinare a gasar Olamfik ta 2012, amma asalinsa na Shagamu ne, taswirar Afirka na zane a kafaɗarsa da Najeriya a fili, kuma bai taɓa ɓoye mu ba. Bahaushen Jidda da Bayaraben Riyad duk ɗaya suke a daren da yake dambe.

Amma mu ihu kawai muke yi mu koma gida mu kwanta. Shi ne zai kwana da kan. A Agustan 2025 'yan dambe biyu a Japan, kowannensu ɗan shekara 28, suka mutu sakamakon raunin ƙwaƙwalwa da suka samu a dare ɗaya, a zaure ɗaya a Tokyo, kuma su ƙananan aji ne, ba masu hannun Dubois ba. In sonsa muke yi, bai kamata muryarmu ta zama cikin masu tura shi ba. Ba yunwa ce za ta mayar da shi fage ba, ya tara abin da jikokinsa za su ci.

In kuma wanda za mu yi wa ihu muke nema, ai ba su ƙare ba. Ga Efe Ajagba, wanda ya yi canjaras da Martin Bakole a Riyad a watan Mayun 2025. Ga Moses Itauma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yaro ne bahago, wanda ya gama da Whyte cikin turmin farko a Riyad a watan Agustan 2025 yana ɗan shekara 20. Shi wannan yaron ma, duk mai ƙaunar Joshua ya yi addu'a kada wani ya zo da shawarar haɗa su. Tallan zai sayu, tsohon zakara da sabon jini, duka 'yan asalin Najeriya. Abin da zai faru a fagen ne ba na son gani.

Usyk kuwa a bar maganarsa. Sau biyu suka yi, turmi 24, kuma mafi kyawun abin da Joshua ya iya shi ne turmi na tara a Jidda, inda ya takura shi da dukan ciki. A na goma Usyk ya dawo ya rama har da riba. Wannan Usyk ɗin ne ya buge Dubois a turmi na biyar a watan Yulin 2025.

Saura Fury. Ya sanar da ritaya a Janairun 2025 bayan Usyk ya cinye shi sau biyu, amma ba yau ya fara ritaya yana dawowa ba. A 2025 ya cika shekara 37, shi ma ya sha duka a hannun Wilder da Usyk, shi ma ya yi dogon zama. Tsoho da tsoho ne, kuma duk girmansa ba a san shi da kisan naushi ɗaya irin na Dubois ba. Dambe ne da ya makara da shekaru, ba kambu a ciki, amma shi kaɗai ne babban damben da zan iya cewa Joshua na da rabo a cikinsa ba tare da na yi wa kaina ƙarya ba.

Wani dattijo Basakkwace da ya daɗe a Makka, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidajen damben gargajiya, na taɓa tambayarsa yadda suke gane wanda ya ƙare. Ya ce, "Ɗana, wanda aka kashe kwab ɗaya, ranar da ya sake ɗaura kara ba hannunsa muke kallo ba. Jira muke a taɓa shi, mu ga abin da ƙafarsa za ta yi."

Abin da zan zuba wa ido ke nan a damben gwajin, in an yi shi. Ba ruwana da yadda ƙirjinsa ya cika a wurin awo, ba ruwana da ko ya buge mutumin a turmi na biyu. Ina jiran dama ta farko da za ta sauka masa a muƙamuƙi. In ya sha ta ya riƙe, ya ɗaga hannu, ya zagaya ya dawo da hagunsa, a kira Fury a sa rana. In kuwa ƙafar ta yi rawa gaban mutum na goma sha biyar a jeri, to Eddie Hearn, mai shirya masa dambe, ya kashe wayarsa tun kafin a kira shi daga Riyad.